Taswirar ƙasa ba turba: abin da ya faru a Amurka

A 2009 hukumar da ke zana taswirar ƙasa a Amurka, wato USGS, ta fara fitar da wasu sabbin taswirori da ta raɗa wa suna US Topo. Kyauta ne, ka shiga intanet ka sauke shafin duk inda kake so, ga hoton sama a ciki ga tituna ga sunayen wurare, ba a jima ba aka ƙara koguna da layukan tudu, kuma aka tsara duk shekara 3 za a sabunta kowane shafi, alhali a da sai shafi ya yi shekara 20 ko 30 ba a waiwaye shi ba. To amma da masu yawon daji suka sauke suka buɗe sai suka tarar babu turba. Hanyoyin ƙafa da ke cikin tsofaffin taswirorin takarda, waɗanda mafarauta da masu kamun kifi da ma'aikatan gandun daji da masu neman wanda ya ɓata suka dogara da su shekara da shekaru, duk babu su a sabuwar. Mutum ya buɗe shafin dutsen da ya sani ciki da bai, ga dutsen ga rafin ga titin mota da ya tsaya a gindinsa, amma ta inda ake hawa babu ko alamarsa. Mutane sun yi ƙorafi sosai kuma ni dai ina bayansu, don taswirar da ta nuna maka dutse ta ƙi nuna maka hanyar hawansa rabin aiki ta yi.

Duk wanda ya yi jogarafi a sakandare ya san irin taswirar da nake nufi, ita ce wadda ake raba mana ranar jarrabawar WAEC a ce ka auna tsawon kogi da zare ka zana yadda tudu ya tashi daga wannan ɗigo zuwa wancan. Layukan nan masu ruwan ƙasa da ke zagaye-zagaye, kowanne yana haɗa wuraren da tsayinsu ɗaya ne daga bakin teku, in sun matse da juna to hawa ne mai tsauri, in sun ware to fili ne. Shuɗi ruwa, kore daji, baƙi kuma abin da hannun ɗan adam ya yi. A cikin baƙin nan akwai wani siririn layi mai tsinke-tsinke da yawancinmu ba mu ma kula da shi ba a lokacin, shi ne turba, kuma shi ne maganar tawa yau.

An kafa USGS a 1879, amma a 1884 ne aikin zana ƙasar shafi-shafi ya kankama, lokacin shugabanta John Wesley Powell, tsohon soja ne da ya rasa hannunsa na dama a yaƙin basasa kuma duk da haka ya bi kogin Colorado a kwale-kwale ya ratsa babban kwazazzabon Grand Canyon a 1869. Taswirorin da aka fi sani su ne masu sikeli 1:24,000, wato santimita 1 a takarda mita 240 kenan a ƙasa, kowane shafi wajen kilomita 14 daga arewa zuwa kudu. Bayan yaƙin duniya na biyu aka duƙufa a kansu, ba a kammala jihohi 48 da ke haɗe ba sai 1992, shafi kusan dubu 55. Ka ga aikin fiye da shekara 40 kenan.

Abin da ya sa suka ɗau wannan lokaci shi ne ba a ofis kawai aka zana su ba. Jirgi yakan ɗauki hoton sama, eh, amma sai an tura mutum da hoton a hannu ya je wurin da ƙafarsa ya duba, wannan ginin coci ne ko makaranta, wannan layin titi ne ko shinge, rijiyar nan tana da ruwa ko ta ƙafe, ya tsaya ya tambayi mutanen wurin sunan rafi da sunan tudu. Shi wannan mutumin ne yake shiga ƙarƙashin itatuwa ya ga turba ya sa ta. Har ma in ka samu tsohon shafi da aka yi wa kwaskwarima daga baya za ka ga wasu abubuwa da launin shanshanbale, ma'anarsa an ƙara su ne daga hoton sama kawai ba wanda ya je ya gani da ido. Ina son wannan gaskiyar tasu wallahi, taswira tana gaya maka da bakinta inda za ka yarda da ita da inda za ka yi hattara.

Sabuwar kuwa ba a tura kowa daji ba, kuɗin yin haka ma babu shi. Kwamfuta ce take haɗa shafin daga manyan rumbunan bayanai da gwamnati ta riga ta mallaka, ta ɗebo tsayin ƙasa daga wannan rumbu, koguna daga wancan, sunaye daga wani, tituna daga wani, ta jera su ta fitar da shafi, shi ya sa ake iya zagaye ƙasar gaba ɗaya cikin shekara 3. Matsalar ita ce duk abin da ba shi da rumbu na ƙasa baki ɗaya to ba zai fito ba, kuma a lokacin turba ba ta da shi. Mutum zai ce to ai ga tauraron ɗan adam ga jirgi, me zai hana a gano su daga sama? Turba faɗinta bai wuce kamu biyu zuwa uku ba, kuma a gabashin Amurka kusan duk a ƙarƙashin ganye take, kyamara ba ta ganinta. Ko na'urar nan ta lidar da ke harba hasken leza daga jirgi ta ratsa tsakanin ganyaye ta auno ƙasa, za ta iya nuna maka ɗan kwarmi a jikin tudu amma ba za ta gaya maka ko hanyar mutane ba ce ko tsohuwar hanyar masu saran katako da aka rufe tun kafin a haife ka, balle ta gaya maka an yarda a hau keke ko doki a kanta. Wannan sai wanda yake bin hanyar kuma yake kula da ita.

Su kuma masu kula da hanyoyin a warwatse suke. Gwamnatin tarayyar Amurka tana riƙe da sama da kashi ɗaya cikin huɗu na filin ƙasar, amma ba a hannu ɗaya ba, akwai hukumar gandun daji wadda ita kaɗai tana da turba sama da mil dubu 150, akwai hukumar wuraren shaƙatawa na ƙasa mai kula da irin su Yellowstone, akwai hukumar kula da filaye ta BLM mai manyan filayen yamma, akwai ta kifi da namun daji, ban da jihohi 50 da ƙananan hukumomi da birane da ƙungiyoyi masu zaman kansu. Kowa da yadda yake ajiye nasa bayanan, wani ya bi da GPS ya auna daidai, wani kwafa ya yi daga tsohuwar takarda, wani ma a kan tsohon ma'aikaci kawai abin yake. Kamar dai yadda kowace kasuwa take da mudunta, in za ka haɗa lissafi sai ka fara daidaita mudun tukuna. Hanya ɗaya takan fito daga filin wannan hukuma ta shiga na waccan sai ka ga layukan biyu ba su haɗu a kan iyaka ba, ɗaya ya zarce ɗaya ya gaza, dole wani ya zauna ya ɗinke su.

Bari in gaya muku abin da siririn layin nan yake yi wa mutum a zahiri. Muna zaune ba nisa da gandun dajin Shenandoah a jihar Bajiniya, kuma in kaka ta yi mukan ɗebi yara mu je. A can sabis ɗin waya yana zuwa yana ɗaukewa, in ka gangara kwari kam shikenan babu shi, don haka nakan buga shafin a takarda in naɗe a aljihu. A mararrabar hanyoyi suna kafa wani ɗan ginshiƙin siminti da aka ɗaura wa zoben ƙarfe an buga sunan hanya da nisa a jiki, a jikin itatuwa kuma fenti ne, fari na babbar hanyar Appalachian, shuɗi na ƙananan hanyoyin ƙafa, rawaya na dawaki. Wata rana mun sauka kallon ruwa mai zubowa muna kan dawowa ƙaramar ta gaji ta ce "Abba saura nawa?" sai na durƙusa na shimfiɗa takardar a gwiwata na ɗora yatsanta a kan layin mai tsinke-tsinke, na ce ƙirga min layukan ruwan ƙasa da ya tsallaka kafin ya kai titi. Ta ƙirga goma. Na ce kowanne ƙafa 40 ne, ta yi lissafi da kanta ta ce 400. Sannan na nuna mata yadda layin bai miƙe sama kai tsaye ba, yana lanƙwasa dama ya dawo hagu, wato waɗanda suka fasa hanyar sun tausaya mana sun raba hawan. Kuma a takardar na ga inda muke shi ne wuri na ƙarshe da hanyar ta taɓa rafi, daga nan har mota babu ruwa, sai muka yi alwala a nan muka fidda alƙibla da kamfas, arewa maso gabas take daga can, muka yi la'asar kafin mu kama hawa. Layukan tudu su kaɗai ba za su ba ni wannan ba, turba ita kaɗai ma haka, sai da aka ɗora ɗaya a kan ɗaya.

Daga wajen 2013 USGS ta fara mayar da hanyoyin, kuma ba ta koma tura 'yan safiyo ba, abin da ta yi shi ne ta nemi masu hanyoyin su kawo nasu. Jihar Wisconsin tana cikin na farko, aka sa hanyar Ice Age mai tsawon kusan mil 1,200 da ke bin gefen inda ƙanƙarar zamanin da ta tsaya. Sai manyan nan biyu da dokar hanyoyin ƙasa ta 1968 ta fara da su lokacin shugaba Lyndon Johnson, wato Appalachian da ta taso daga dutsen Springer a Jojiya ta ratsa jihohi 14 har dutsen Katahdin a Maine, wajen kilomita 3,500, da Pacific Crest da ta taso daga iyakar Meziko ta bi Kaliforniya da Oregon da Washintan har iyakar Kanada, mil 2,650. Ba rana ɗaya aka sa su ba, duk jihar da layinta na sabuntawa ya zo sai a ɗora mata abin da ya samu. Hukumar gandun daji ta ba da nata, har ƙungiyar masu hawan keke a duwatsu IMBA ta kawo hanyoyin da mambobinta suka bi suka auna, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne a ce taswirar gwamnati ta karɓi bayanan 'yan sa-kai. Ni a ganina daidai ne, tunda ita kanta hanyar Appalachian ƙungiyoyin 'yan sa-kai wajen 30 ne suke sharar ta, su sare itacen da ya faɗo su sake fenti su gyara rumfunan kwana sama da 250 da ke kanta. Wanda yake ɗaukar zarto ya shiga daji ran Asabar ba a biya shi ko sisi ba ai shi ya fi kowa sanin inda hanyar ta karkata.

Tare da hanyoyin aka riƙa ƙara sauran kayan shaƙatawa, bakin hanya inda ake ajiye mota a fara tafiya, zangon kafa tanti, wurin zama a ci abinci, rumfar kwana, ofishin ma'aikatan daji, ɗakin karɓar baƙi. Wani zai ce wannan ai na 'yan hutu ne me ya kai shi taswirar ƙasa. To ranar da aka kira aka ce wani ya karye a daji, abin da zai iya faɗa a waya shi ne na baro rumfa kaza da kamar awa ɗaya, kuma da wannan masu ceto za su fara. Masu kashe gobarar daji ma haka, turba ita ce hanyar shigarsu wani lokaci ma ita ce layin da za su tsaya su datse wuta. Sannan ga baƙo irinmu da bai tashi a ƙasar ba, ba shi da kawu ko kaka da zai nuna masa wuraren nan, ɗan hoton tanti a takarda shi ne yake gaya masa kai ma kana da izinin zuwa nan.

Na san abin da matasa za su ce, ai ga manhajojin taswira irin su AllTrails da Gaia GPS da OpenStreetMap, hanyoyin da ke ciki sun ninka na gwamnati. Gaskiya ne kuma ni ma ina amfani da su. Amma yawan nan shi ne inda gizo ke saƙa. Mutum ɗaya ya ratse daga hanya ya bi ta cikin ciyawa zuwa bakin wani dutse don ya ɗau hoto, wayarsa ta naɗi sawunsa ya ɗora, na biyu ya gani ya bi na uku ya bi, kafin shekara ta zagayo an sami hanya a inda ba wanda ya tsara, ba magudanar ruwa ba komai, damina ta zo ta mai da ita kwazazzabo, ko kuma ta kai mutane bakin rami. Ma'aikatan gandun daji sun daɗe suna kuka da wannan har masu OpenStreetMap a Amurka suka zauna da su don a riƙa bambance hanyar hukuma da wadda ƙafa ta fasa da kanta. Shi ya sa jinkirin USGS bai ba ni haushi kamar yadda ya ba wasu ba. Layin da gwamnati ta buga a taswirar ƙasa yana da nauyin da na manhaja ba shi da shi, mutum zai ɗauki 'ya'yansa ya bi shi ido rufe, to kafin a buga dole a san akwai wanda ya ɗauki amanar wannan hanya.

Akwai ma abin da da gangan ake ƙin sa wa. Dokar 1979 ta kare kayan tarihi da ke binne a filayen gwamnati da ta 1988 ta kare koguna na cikin duwatsu duk sun ba hukumomi damar ɓoye inda wuraren suke, saboda an ga yadda ake zuwa a tone kaburburan 'yan asalin ƙasar a sace tukwane a yi rubutu a kan zanen da ya yi shekaru ɗaruruwa a jikin dutse. Wasu wuraren kuma na ibadarsu ne har yau. Ban ga laifin wannan ɓoyon ba ko kaɗan.

A Ingila abin ya ɗau wata hanya dabam, a can turba a taswira maganar haƙƙi ce. A 1932 ɗaruruwan ma'aikata, yawancinsu daga Manchester, suka hau tudun Kinder Scout da gangan alhali masu filin sun hana, aka yi artabu da masu gadi aka ɗaure mutum 5. Dokar 1949 ta zo ta wajabta wa hukumomin yankuna su zana taswirar duk hanyoyin da jama'a ke da haƙƙin bi ko da ta tsakiyar gonar wani ta ratsa, daga baya hukumar taswirarsu Ordnance Survey ta riƙa buga su, a shafukan 1:25,000 koren layi ne mai tsinke-tsinke. Manomi ba shi da ikon toshe wannan hanya, in ya yi shinge sai ya bar ƙofa ko matakala. Hanyar da ba ta shiga waccan taswira ta hukuma ba kuwa tana iya salwanta, shi ya sa ƙungiyar masu yawon ƙafa ta Ramblers ta tara dubban 'yan sa-kai suka riƙa gwada tsofaffin taswirori da na yanzu, a 2020 suka ce sun gano sama da mil dubu 49 na hanyoyin da ake jin an tsallake. A Amurka ba haka ba ne, ganin hanya a takarda bai ba ka izinin shiga filin wani ba, kuma a karkararsu shiga filin mutum ba izini ba wasa ba ne.

Duk lokacin da na karanta labarin Ingilan nan burtali ne yake faɗo min a rai. Mu namu hanyoyin ba na shan iska ba ne, na rayuwa ne, hanyar shanu zuwa mashaya da makiyaya, kuma kowa ya san yadda ake cinye su, bana a ci kamu ɗaya baɗi a ƙara har a wayi gari garke ba shi da ta inda zai wuce sai ta cikin shuka, daga nan sai abin da ba a so. In aka je gaban mai gari kowa da shaidarsa ta baki, dattijon da ya san asalin iyakar kuma ya rasu. A Nijar sun ɗan yi gaba a wannan, tun dokar karkara ta 1993 da ta makiyaya ta 2010 ake zama da manoma da makiyaya da sarakuna a shata burtali a kafa masa ginshiƙan siminti a rubuta a ajiye. A Najeriya dokar makiyaya ta Arewa tun 1965 take, kuma taswirorinmu na 1:50,000 yawancinsu daga hotunan sama na shekarun 1950 zuwa 1970 aka zana su, da turbobin wancan lokacin a ciki. Ban ce layi a takarda zai kashe rigima shi kaɗai ba, amma in ofishin babban safiyo na tarayya zai sabunta shafukan nan to ina roƙo kar a maimaita abin da Amurka ta yi a 2009, a ɗauko abin da kyamara ke gani a bar abin da sai makiyayi da mai unguwa da mafarauci ne suka sani. Haka nan hanyar hawa Chappal Waddi a Gashaka Gumti, dutsen da ya fi kowanne tsayi a Najeriya mai mita 2,419, ko hanyoyin cikin Yankari zuwa ruwan ɗumi na Wikki, suna da haƙƙin shiga taswirar ƙasa, amma burtali ya fi su gaggawa.

A Amurkan ma aikin bai ƙare ba. Inda filin tarayya ne hanyoyi sun shiga sosai, amma ka buɗe shafin da dajin jiha ne ko na ƙaramar hukuma sai ka ga wani wuri cike wani wuri wayam, ko layi ya zo kan iyaka ya tsaya cak alhali a ƙasa hanyar ta ci gaba. Masu yawon daji da yawa har yanzu sukan sauke tsohon shafi ma su gwada da sabo, tunda USGS ta ɗauki hoton tsofaffin taswirorinta sama da dubu 170 ta zuba a intanet kyauta a shafinta na topoView, sai dai tsohon shi ma yana iya nuna maka hanyar da daji ya cinye tun tuni.

Kuma ita turba ba ta zama wuri ɗaya. Tsawon hanyar Appalachian kusan duk shekara sai ya ɗan canza saboda ana karkatar da wani sashe a kauce wa zaizaya ko titi. A ƙarshen Satumbar 2024 guguwar Helene ta afka wa duwatsun Karolina ta Arewa da Tennessee da kudancin Bajiniya, itatuwa suka zube bisa hanyar ba adadi, ƙasa ta zabtare, aka rufe sassa masu tsawo, kuma gadar da matafiya ke bi su tsallake kogin Nolichucky kusa da garin Erwin ruwa ya tafi da ita gaba ɗaya, har a 2025 sai da aka riƙa tsallakar da su a kwale-kwalen roba. Shafin da aka buga kafin guguwar gada yake nunawa a wurin, kuma haka zai ci gaba da nunawa a aljihun duk wanda ya riga ya buga shi. Don haka in za ku fita, ku duba shekarar da ke rubuce a ƙasan shafin ta hannun dama, sannan ku kira ofishin ma'aikatan dajin ko ku leƙa shafinsu na sanarwa ku ji ko an rufe wani sashe, kuma ku gaya wa wani a gida sunan hanyar da za ku bi da lokacin da ya kamata a ji daga gare ku.